Tsamiyar Kaka a Cikin Bariki

Shekarar da idon kakata ya fara hazo, ta sa aka ɗora ta kan jaki daga Dumega zuwa Dogon Dutsi. A nan aka haife ta, aure ne ya kai ta can, kuma tun kafin Nasara ya gina bariki ba ta sake tako garin ba. Baba yana gona, Inna tana jego, sai aka ce ni, ɗan lakwal, wato makarantar Nasara, mai bakin da ba ya hutawa, in zaga da ita.

"Taso, mijin banza," in ji ta, "ka ja mini sanda."

Da dutsen na fara. Na ce mata ya ƙara tsawo a bayanta, har wata sai ya kauce masa in zai wuce. Ta ɗaga kai ta ƙanƙance ido.

"Ƙarya kake. Kansa a baje yake kamar faifai, mun sha kiwon awaki a gindinsa."

Na kai ta bakin tafki, na ce akwai kifin da ya haɗiye raƙumi har da kayansa. Ta ce a zamaninsu kwaɗi ne kawai a ciki, kuma duk sun fi ni hankali. Hanyar mota ce kaɗai ta ba ta mamaki. Ta daddaɓa ta da sanda, ta ce da can gonar gero ce.

Muna barin kasuwa ta tsaya.

"Ba wannan ya kawo ni ba. Tsamiya nake nema. A gindinta ɗakin uwata yake, nan aka binne cibiyata. Ina so in gan ta kafin idon nan ya rufe."

Tsohuwar tsamiya ɗaya ce a wannan gefen, kuma tana cikin shingen bariki, bayan biro, ofishin kwamandan mai mulkin ƙasar. Ba a shiga sai an kira ka, wanda aka kira kuwa ba ya fitowa da fara'a. Ko wucewa ta ƙofar za a yi, mai jaki sai ya sauka, mai hula ya cire. Na gaya mata haka, ta ce in ja sanda in rufe baki.

Da muka isa ƙofar ta hango duhun bishiyar ta saman shinge. Sai ta tuɓe takalma, ta durƙusa a kan rairayi, tana gaishe ta ƙasa-ƙasa kamar mai gaida surukai.

Gardin da ke tsaron ƙofa, dogarin kwamandan, baƙo ne, dogo mai jar hula. A saninsa abu ɗaya ke sa tsohuwa ta durƙusa a wurin.

"Iya, ƙara kika kawo?"

Kafin Kaka ta buɗe baki na riga ta.

"Babba ma kuwa! Tun daga Dumega ta ɗauko ta, har jakin ya rame. Sai kunnen kwamandan."

Ya ce kwamandan ya fita rangadi wajen Dogon Kiriya, wataƙila ya dawo da la'asar. Mu shiga mu jira inda masu ƙara ke jira. Ya nuna mana inuwar tsamiya.

Kaka ta zauna ta jingina bayanta da bishiyar. Ta daɗe tana shafa ɓawon da tafin hannu. Sannan ta fara nuna mini da sanda: nan murhu yake, nan turmi, can inda tuta ke kaɗawa rumbun kakanta ne. Ni da nake tsammanin na fi kowa sanin garin, na yi shiru ina saurare, abin da ko malamin lakwal bai taɓa samu daga gare ni ba. Ta laluba ƙasa ta tsinci 'ya'yan da suka faɗo, ta tsotsi ɗaya, ta yamutsa fuska.

"Ita ce," ta ce. "Tsaminta bai canza ba."

Da rana ta sunkuya gardin ya zo ya ce kwamandan ba zai dawo yau ba, mu komo gobe.

"Bari, ɗana," in ji Kaka, tana ƙulle tsamiyar a bakin zane. "Na riga na ga wadda na zo gani."

Ya bi mu da kallo. A hanya ta ja kunnena, ta ce wannan ƙaryar kaɗai ta yafe mini, ta kifi kuwa tana nan.