Laftof a Kan Matashi

Shekarun baya, lokacin da na gama jami'a ina zaman jiran bautar ƙasa a gidanmu da ke Lugbe a Abuja, mahaifina ya ba ni wani aiki da har yau ban gama jin nauyinsa ba. Ya yi ritaya daga ma'aikatar tarayya bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rubuta wa manya takardu, sai ga shi hannunsa ya kama rawa, biro ba ya zama. Ga kuma wani ciwo a maƙogwaro da ya disashe masa murya. Likita ya sa ranar yi masa aiki, saura mako uku, kuma bai ɓoye mana ba: mai yiwuwa muryar ta dawo, mai yiwuwa ta tafi ke nan. Da muka koma gida sai da Baba ya yi la'asar, sannan ya kira ni.

"Uwata, ɗauko na'urar nan taki. Zan faɗi tarihin gidanmu ki rubuta, tun ina da bakin faɗa."

Na ce ai abu mai sauƙi ne, in ɗauki maganarsa a waya, daga baya in zauna in buga. Ya girgiza kai, ya ce ba ya son jikokinsa su san shi da wannan murya mai kama da ƙyauren da ya rasa mai. Na yi dariya, shi bai yi ba.

Laftof ɗin tsohuwa ce, yayana ya bar mini ita, baƙa mai nauyin tsiya. Ni kuwa kimiyyar kwamfuta na karanta, ina tafe ina jin duk Lugbe babu wanda ya kama ƙafata a sanin na'ura. Washegari da hantsi na zauna a kan kafet a gaban kujerarsa, na ajiye ta a ƙasa, na buɗe. Ya fara da bisimilla da salati, ya kawo aya guda, ina bugawa. Can sai ya tsaya.

"Kin rubuta sunan Allah a ciki?"

"Na rubuta, Baba."

"Kuma tana ƙasa, inda ake takawa?"

Kafin in ba da amsa mahaifiyata ta shiga ɗaki ta ɗauko matashinta mai laushi, wanda ko baƙi ba ta ba su, ta ce in ɗora ta a kai. Na ɗora, ta nutse a ciki kamar amarya. Da digirina da komai ban ga aibun haka ba, har wani daɗi na ji, na ce lallai gidanmu akwai ladabi.

Watan Maris ne, zafin Abuja na dafa mutum tun da safe. Ba ma yin awa guda sai na'urar ta fara huci, daga nan ta ɗauke ɗif. Baba ya ce, "Ta suma." Mama ta zo da mafici ta zauna tsakani, ta yi wa mijinta fifita sau ɗaya, ta yi wa laftof sau ɗaya. Mu sha kunu, mu jira ta farfaɗo, mu ci gaba. Ni kuma ina ta zagin yayana a zuci, da ya bar mini gadon wahala.

A rana ta shida muka zo kan mahaifiyarsa. Ban taɓa jin ya yi zancenta ya wuce addu'a ba. Ranar kuwa sai ga shi ya saki baki: yadda take tashi ta daka daddawa ta kai kasuwar ƙauye a ƙafa, yadda ta raka shi tasha zai tafi makarantar kwana ta ɗaure masa ƙuli a bakin zane, yadda ta rasu yana can aka ɓoye masa har sai da ya dawo hutu ya tarar da ɗakinta a kulle. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa, Mama ta ajiye mafici ta sunkuyar da kai. Ni ma labarin ya tafi da ni, yatsuna na gudu, na manta sam ban adana ko layi ɗaya ba. Sai allon ya yi baƙi.

Da ta farfaɗo na duba ko'ina, babu komai. Na ɗago na kasa haɗa ido da shi.

"Ya tafi ko?" in ji shi.

"Baba, ka yi haƙuri. Mu sake, zan..."

"Uwata, wannan ba a faɗarsa sau biyu. Bar masa fili, mu wuce zuwana Kaduna."

Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya, na ji haushin kaina, na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska.

Washegari na saka laftof a jaka na hau mota zuwa Wuse, wata filaza da ake sayar da kayan kwamfuta. Na faɗa shagon wani dattijo Bazazzagi mai farin tabarau, na ce fankar da ake ɗora laftof a kai nake so, wadda ta fi kowace ƙarfi. Ya ce in ba shi na'urar tukuna. Ya kifa ta, ya duba ramukan da ke cikinta, ya sa tsinke ya zaro wani curin auduga.

"Malama, a kan me kike ɗora ta?"

Na so in ce tebur, amma audugar na hannunsa. Na ce matashi, na kuma gaya masa dalili. Bai yi mini dariya ba, sai murmushi.

"Allah ya saka wa Baba da alheri, niyyarsa mai kyau ce. Amma ita wannan ta ciki take numfashi. Kun toshe mata hanci, kuna yi mata fifita a ka."

Ya hure mata ƙura, sannan ya fito da kulin fad iri biyu, haka suke kiran abin. Ɗaya faranti ne na ƙarfe mai raga, da fanka guda babba a tsakiya, babu wani ado. Ɗayan kuwa fanka biyar gare shi, da shuɗiyar wuta mai walƙiya, da ɗan maɓalli na ƙara gudu. Ya ce tunda ramukan tawa a tsakiya suke, mai fanka ɗaya ya ishe ni, kuma ba ya surutu. Ni da na zo da fushi, na ce biyar ai ta fi ɗaya ko a lissafin firamare. Ya ce, "To, Malama, ke ce oga," ya naɗe mini.

A shagon, cikin hayaniyar janareta da masu ciniki, ban ji ƙararsa ba. Sai da na jona shi a falonmu na gane injin markaɗe na sayo. Laftof dai ta yi sanyi ƙalau, amma muryar Baba ta ɓace a cikin gurnanin. Kowace jimla sai na ce, "Na'am, Baba?" shi kuma ya tattaro ƙarfi ya maimaita, ya yi tari, ya dafe wuya. Kafin azahar murya ta ƙare gaba ɗaya, ya yi mini alama da hannu in rufe. Kwana ɗaya cur na cinye masa daga cikin 'yan kwanakin da suka rage. Mama ta dubi shuɗiyar wutar ta ce, "Wannan kuma gidan biki za a kai shi?"

Na koma Wuse da kunyata a hannu. Dattijon yana hango ni ya miƙa hannu ya ɗauko mai fanka ɗaya, bai ce ai na gaya miki ba. Da na ba shi labarin muryar Baba, sai ya tura ƙofar gilashin shagon ya rufe, ya jona fankar, ya matsa can ƙarshen kanta ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa.

"Kina ji na?"

"Ina ji."

"To shi ke nan. Ki gaishe da Baba, Allah ya ba shi lafiya."

A gida na buɗe ƙafafun farantin na ɗora laftof, ina gudun kada Baba ya ce sai an dawo da matashi. Ya leƙa ya ga ta tashi daga ƙasa, ya ce, "Au, kujera aka saya mata. To ai ta fi mu gata." Daga ranar ba ta sake suma ba. Ni kuma na koma adana rubutu bayan kowane layi biyu kamar mai waswasin alwala. Muka bi Kaduna, muka bi aurensu da Mama, inda ta riƙa gyara masa zance daga kicin, muka zo dawowarsu Abuja lokacin Lugbe duk daji ce, har muka kai ritaya. Filin nan dai yana nan a buɗe, ban kuma yi gigin tuna masa ba.

Ana gobe za a kwantar da shi, da hantsi, na ce Baba mun gama. Ya dubi taga, sannan ya ce, "Koma baya, inda muka bar fili."

Wannan karon bai yi kuka ba, bai kuma tsawaita ba. Muryar ta yi ƙasa har sai da na matso gwiwata ta taɓa ƙafarsa, amma ban ce na'am ko sau ɗaya ba. Shafi ɗaya da rabi ya faɗa. Da ya kai ƙarshe ya ce in sa sunan mahaifiyar tasa a sama. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba, sai na ce ya faɗa mini yadda yake so in rubuta. Ya ɗan harare ni.

"Rubuta naki mana. Ai shi ne."

An yi aikin lafiya, amma muryar ba ta dawo ba. Ya ƙara shekara huɗu tare da mu yana magana da hannu da ido, kafin Allah ya karɓi abinsa. Mun buga tarihin 'yan kwafi kaɗan muka raba wa dangi, kuma kowa ya karanta sai ya ce shafin kakarmu ne ya fi taɓa shi.

Ni kuwa ko an faɗi haka, na san abin da suka karanta guntu ne. Na koyi tambayar ina za a ajiye abu da wa zai zauna kusa da shi kafin in saya, na kuma daina raina shawarar mai shago don ina da takarda. Amma darasin ya zo mini da tsada. Cikakken labarin, wanda ya faɗa yana hawaye, ni da Mama kaɗai muka ji shi. Bara na zauna da ita muka ce bari mu haɗa abin da muke tunawa mu rubuta wa jikoki. Muka yi ta lalube, ita ta kawo, ni na kawo, da ƙyar muka cika rabin shafi.