Baƙon Bayan Ɗakin Wanki

Tun tana da ƙuruciya Inna take wanke zannuwan gado a asibiti, har tafin hannunta ya yi kaushi kamar gindin tukunya. Da hannun nan ta ɗauki nauyin karatun jinya na 'yarta tilo. Yarinya ta gama, ta samu aiki a wata ƙasa mai sanyi, ta yi aure can, ta haihu can. Kullum zancen zuwa gida sai a ce baɗi. To da baɗin ta zo, me aka aiko wa tsohuwa? Madubin hangen nesa! Uwa tana son ganin 'yarta, an aiko mata abin kallon tsuntsaye, wai yana rage kaɗaici. In ba rainin hankali ba, mene ne wannan?

Inna ta cusa shi cikin kwandon tsumma a ɗakin wanki. Mai Guga, abokiyar aikinta, ita ta zaro shi wata rana, ta kafa a ido ta baya.

"Yaya, abin nan ya lalace. Ga ki can kin koma kamar kiyashi."

"Juya shi, sarkin wayo. Kawo nan."

A bayan ɗakin akwai bututun da ya tsage, ruwan ɗauraya yana kwanciya, ciyawa ta tsiro. Nan Inna ta saita madubin, sai ga wani ɗan tsuntsu mai ciki ruwan ɗorawa yana tsintar ƙwari, wutsiyarsa sama da ƙasa ba hutawa. Ta tsaya kallo har injin wanki ya gama juyi ba ta ji ba.

Wayar 'yarta dama ba ta wuce gaisuwa: ya jiki, ya aiki, Inna zan shiga ɗakin marasa lafiya. Ran nan, don rashin abin faɗa, Inna ta kawo zancen tsuntsun.

"Inna, mai kaɗa wutsiya? Ai irinsu ne a ciyawar bayan asibitinmu! Da sanyi ya shigo sai su ɓace. Ashe wajenki suke tafiya."

Suka yi ta hira har wayar ta yi zafi a kunne. Daga nan kowane kira da tsuntsu yake farawa, ya gangara kan jika, kan miji, kan abin da ke damun yarinyar wanda da ba ta faɗa. Da zafi ya matso tsuntsun ya tafi, sai 'yar ta karɓi gadi a can.

Ana haka shugaban sashe ya sa aka gyara bututun, saboda sauro. Gaskiyarsa ce, asibiti ne, amma wurin ya bushe ƙaƙas. Inna, da gwiwarta mai ciwo, ta koma ɗaukar bokitin ruwa kowace safiya tana kwararawa, daidai wanda zai jiƙa ciyawa ya tsotse kafin la'asar.

"Inna, sauro kike kiwata mana?" in ji shugaban da ya kama ta.

"Ranka ya daɗe, baƙo nake jira. In ka ga sauro ɗaya, ka kore ni."

Lokacin dawowar tsuntsun ya yi, shiru. 'Yar ta kira: "Ya zo?" "Bai zo ba." Sai hirar ta mutu, aka koma ya jiki, ya aiki. Mai Guga ta ce a haƙura, wataƙila ya samu wata uwar a hanya. Inna ba ta yi dariya ba.

Wata safiya ta ajiye bokiti, ta ɗago, ga shi nan yana kaɗa wutsiya kamar jiya ya tafi. Nan take ta danna wa 'yarta waya.

"Ya iso. Abu bai kai tafin hannuna ba, ya ƙetaro teku ya zo. Ni dai ban ce komai ba."

Can ɓangaren sai jan hanci.

"Inna, yaushe yake tafiya?"

"In zafi ya matso."

"To ki riƙe mini shi. Ina so in gan shi a wajenki."

Inna ta sha jin baɗi, don haka ko Mai Guga ba ta gaya wa ba. Washegari dai bokiti biyu ta ɗauka.