Yadda Na Sayar da Sirrin Habibu

Ba zan faɗi sunana ba, kunyar da na jawo masa ta isa haka. Ku dai matasa ku ba ni aron kunnuwanku, domin ni ma da can mutumin kirki ne, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

A Tiga aka haife ni. Iyayenmu suna cikin waɗanda ruwan dam ya tasa daga tsohon garinsu, suka dawo bakin ruwa suka kama sana'ar kamun kifi da noman rani. Babana ya rasu ina sakandare. Na lallaɓa na yi difloma, ina ɗan koyarwa a wata makarantar kuɗi. Mahaifiyata, Inna, tana da lalurar ƙwaƙwalwa tun haihuwar autarmu. In tana shan maganinta ba ka isa ka gane ba, duk layinmu babu mai suyar kifi kamarta. Ni nake kai ta asibiti a Kano duk wata.

Sai na nemi auren wata yarinya, Zainabu. Kun san al'ada, kafin a karɓi gaisuwa sai an yi binciken asali. Waliyyinta baffanta ne, Alhaji Dauda dillalin kifi. Ranar da kawuna ya je jin amsa ina tsaye a bakin zaure. Alhaji bai ko sassauta murya ba, ya ce, "Mu ba ma haɗa iri da gidan mahaukata. Ba uwarsa ce ta taɓa shiga kasuwa ba ɗankwali ba?" Mutanen zaure suka kwashe da dariya. Kafin la'asar maganar ta isa kunnen Inna. Kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba, ran na huɗu ta riƙe hannuna ta ce, "Ni na hana ka aure, ka yafe mini." Wallahi a ranar na rantse sai Alhaji Dauda ya ɗanɗani abin da ya ɗanɗana mana. Da shi nake kwana, da shi nake tashi.

Bayan kamar shekara guda wasu masu bincike suka zo daga wata jami'a, suna son sanin yadda ciwon damuwa da taɓin hankali suke a ƙauyukanmu. Suka ɗauke ni cikin masu bi gida-gida da takardar tambayoyi. Shugabarmu, Dakta Binta, ta yi mana horo a Bebeji. Ta ce a karanta tambaya yadda take, kada a sa wa mutum amsa a baki. Ba a rubuta suna, sai lamba. Sai mutum ya yarda za a tambaye shi. Ta kuma ce za ta riƙa komawa wasu gidajen ta duba aikinmu. Abin da ta fi nanatawa shi ne sirri. Ta ce, "Wanda ya gaya maka abin da ke cikin kansa ya fi wanda ya ba ka ajiyar dukiya amincewa da kai." Muka ce mun ji, muka sa hannu.

Da ƙaramin abu na fara. Wata rana a Kiru rana ta ƙwalle, ƙafafuna suka gaji, na zauna gindin mangwaro na cike takarda shida da kaina. Shiru, babu wanda ya gane. Daga nan na fara ba abokaina labarin abin da mutane ke gaya mini a teburin mai shayi, ban faɗi suna ba, muna ta dariya. A nan wani mai duba da ke zaune a wani ƙauye bayan Burumburum ya ji ni. Mai Ƙwarya ake ce masa. Ya ja ni gefe ya ce, "Samari, abin da ke jakar nan taka ko aljanuna ba su da shi."

Haka muka ƙulla. Ina kai masa kwafin takardu, ina gaya masa gidan da kowace ta fito. Shi kuma ya tura wata tsohuwa ta je ta yi ta yabonsa a gidan. In suka zo, kafin su buɗe baki ya zayyana musu komai, rashin barci, faɗuwar gaba, kukan da ba dalili. Sai su kawo akuya, su kawo hatsi, a raba da ni. A nan na fahimci halin ɗan Adam. Mutumin da ke cikin tsoro, in ka faɗa masa gaskiya ɗaya da ya ɓoye, duk ƙaryar da ta biyo baya zai haɗiye ta.

Ba mu muke zaɓen gidajen da za mu shiga ba, ƙuri'a ake yi. Ranar da aka zo Tiga, ƙuri'a ta faɗa gidan Alhaji Dauda, a cikin gidan kuma ta faɗa kan ɗansa Habibu, saurayi mai gyaran injin ban ruwa, mai kunya, wanda bai taɓa yi mini komai ba. Muka zauna ƙarƙashin darbejiya a bayan gida. Da na zo kan tambayar ko ya taɓa jin murya alhali babu kowa a kusa, sai ya hau wasa da sifana. Can ya ce, "Yaya, da wani ne da ban amsa ba. Amma kai ɗan Inna ne, ka san abin, ba za ka yi mini dariya ba."

Ya zazzage mini cikinsa. Shekara uku yana shan magani a ɓoye. Alhaji da kansa ke kai shi asibiti, su ce wa mutane kifi suka kai Kano. Ƙwayoyin a cikin gwangwanin giris yake ɓoye su, cikin akwatin kayan aikinsa. Muryar da yake ji kafin ya fara magani ta kakansa ce, tana kiransa daga tsohon garin da ke ƙarƙashin ruwa.

Ina rubutu ina murna, babu ko ɗigon tausayi. Ashe! Ashe mai ƙyamar haɗa iri yana da nasa a ɗaka! Na ce masa, "Kada ka damu, Habibu, daga ni sai Allah." Washegari da sassafe na hau mashin zuwa Burumburum.

Wannan karon na ce wa Mai Ƙwarya ba na son kaso. So nake a raba yaron da maganinsa, ciwon ya fito fili, garin Tiga ya gani da idonsa. Tsohuwar nan ta yi aikinta a wurin Hajiya, uwar Habibu, Hajiya ta matsa wa Alhaji har suka je. Mai Ƙwarya ya kaɗa ƙwaryarsa ya ce, "Tsohon da ke ƙarƙashin ruwa yana fushi. Ƙwayar nan ta cikin gwangwanin giris ce ke toshe masa baki. Ku zubar da ita." An ce Alhaji saura kaɗan ya faɗi. Da hannunsa ya watsa maganin a dam.

Mako biyar aka yi. Ranar kasuwa, rana tsaka, Habibu ya fito ba riga, yana ƙwala wa kakansa kira, ya nufi ruwa. Alhaji na binsa da gudu, babbar riga na harɗe shi, hula ta faɗi a cikin taɓo. Ina tsaye a rumfar masu kifi. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Baba Alhaji, sannu! Yau kuma irin wane gida ne wannan?" Ya waiwayo muka haɗa ido. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Har naman tsire na saya na kai wa Inna, ta ce na mene ne, na ce albashi aka yi.

Maimakon asibiti, wurin Mai Ƙwarya suka mayar da shi, shi kuwa ya sa masa mari a ƙafa ya ɗaure shi a turke kamar ɗan maraƙi. Na je kai wasu takardu na gan shi. Ƙarfen ya ci naman idon sawunsa, ƙudaje na bi. Hankalinsa ya ɗan dawo a lokacin, ya gane ni, ya ce, "Yaya, don Allah ka gaya musu maganina nake so, kai ka sani." Na kau da kai. Na ce a raina bari Alhaji ya ƙara ko mako ɗaya yana jin abin da Inna ta ji. Makon nan ya zama wata biyu.

Ashe komawar da Dakta Binta ta ce za ta yi ba barazana ba ce. Ta fara gano takardun gindin mangwaro a Kiru, don mutanen sun ce ba su taɓa ganina ba. Sai ta bi sauran gidajena ɗaya bayan ɗaya har ta iso gidan Alhaji. Hajiya tana kuka ta ba ta labarin malamin da ya san gwangwanin giris. Dakta ta buɗe takardar Habibu, ga maganar gwangwanin nan da rubutuna a gefe. Ranar ta je da hukuma aka kwance shi aka kai asibiti, amma ƙafar ta riga ta lalace, sai da aka yanke ta ƙasan gwiwa. A ɗakin Mai Ƙwarya aka sami kwafin takardu cike da buhu, kowace da lambata ta ma'aikaci.

A ofishin 'yan sanda Dakta ta dube ni ta ce, "Ka san yanzu duk yankin nan babu mai sake amsa mana tambaya? Masu ciwon da muka zo nema sun koma ɓuya." Na ce, "Ranki ya daɗe, ba ki san abin da ubansa ya yi mini ba." Ta ce, "Uban ne ka ɗaure a turke?"

Shekara huɗu alƙali ya ba ni. Kada ku zaci na shiga da nadama. Shekarar farko lissafin yadda zan ƙarasa da Alhaji kawai nake yi. Abu ɗaya ke karya mini gwiwa, wa zai kai Inna asibiti? Ƙanwata tana aure a Doguwa, kawu ya tsufa. In na rufe ido sai in ga Inna a turke, da mari a ƙafarta. A nan na fara gane abin da na aikata, na fara roƙon Allah gafara da gaske.

Ranar da na fito na tarar da Inna a bakin kaskonta, tsaf da ita, tana juya kifi. Bayan mun gama koke-koke na ce, "Inna, wa ke kai ki karɓo magani?" Ta ce, "Habibu mana. Ai ranarmu ɗaya. Shi yake zuwa mu hau mota tare, bai taɓa fashi ba."

Kwana biyu bayan nan na ji ƙarar sanda a zaure. Ya yi sallama, ya ce, "Yaya, an dawo lafiya?" Na durƙusa a gabansa, ni da na girme shi, na ce ya yafe mini don Allah. Ya ce, "Ƙafar na yafe maka tuni. Amma tun daga ranar nan ta gindin darbejiya ban sake iya gaya wa kowa abin da ke kaina ba. Ko likita ya tambaye ni sai na ji bakina ya ƙi buɗuwa. Wannan kam ina ta ƙoƙari, ban iya ba tukuna." Ya leƙa ciki ya ce, "Inna, ki fito kada mota ta cika."

Alhaji Dauda yana nan da ransa, bai taɓa ba Inna haƙuri ba, kuma har gobe in na gan shi sai zuciyata ta tafasa. Na tuba, amma ban zama waliyyi ba. Abin da na sani shi ne na yi shekaru ina wasa wuƙa dominsa, ƙafafunsa biyu suna nan lafiya lau.

Don haka ku ji ni da kyau. In aka ba ku aikin da mutane za su buɗe muku cikinsu, ku riƙe bakinku ko da za a yanka ku. Kada ku fara da ƙaramar ƙarya a gindin mangwaro. Mai lalurar ƙwaƙwalwa ku kai shi asibiti, kada ku bari kowa ya raba shi da maganinsa. In kuma an wulaƙanta ku har kuna jin sai kun rama, ku tsaya ku duba wanda zai fi saurin faɗawa hannunku. Ba maƙiyinku ba ne, wanda ya yarda da ku ne. Ni nawa yana wucewa ta ƙofar gidanmu duk wata, yana dogara sanda, yana riƙe wa uwata jakar maganinta.