Hannun Sueno a Ramin Baƙin Zomo

Duk ƙauyen nan na kudancin tsibirin Amami an san Sueno Nobori da abu biyu: lemon gonarta, da tsoron kububuwa. Tsoron ma ya fi lemon suna. Kowa a tsibirin yana ɗaukar sandunan nan da ake jinginawa jikin katanga saboda maciji, amma ita biyu take ɗauka, ko shagon Ikari za ta sayen gishiri. Yara su yi ta dariya, ita ko a jikinta.

Mu da muka san mafarin abin ba ma dariya. Tana shekara bakwai 'yar ƙwallonta ta gangara cikin wani rami a katangar gidansu. Ta yi ta kuka, wanta Tokuji ya zura hannu zai ciro mata, kububuwa ta sare shi. Kafin kwalekwale ya kai shi asibitin garin Naze hannun ya yi baƙi, aka yanke shi daga gwiwa. Shekara sittin ke nan, Sueno ba ta ƙara sa hannu inda idonta bai gani ba. Ko takalmin roba sai ta kife shi ta bubbuga kafin ta sa ƙafa. Ba ta yi aure ba, shi ma haka. Tare suke noman lemo a gangaren bayan gari, suna faɗa kullum kamar kaji.

Baƙaƙen zomayen dajin kuwa ba shiri take da su ba. Hukuma ta hana a taɓa su, wai duk duniya sai a wannan tsibiri da wani na kusa da shi ake samunsu, kuma sun kusa ƙarewa.

"Su ƙare mana!" in ji ta. "Ɓawon itatuwana nawa suka gwaguye?"

"To ki kai su ƙara," in ji Tokuji. "Alƙali ma zomon zai bi."

Amma da wata zomanya ta haƙa rami a gindin tsohon itacen lemonsu ta haihu a ciki, Sueno ce ta kewaye wurin da tsumma don kada a taka. Haka uwar take yi: ta zo ta shayar da ɗanta, ta fito ta toshe bakin ramin da ƙasa, ta daddaɓe, sai bayan kwana biyu ta dawo. Kullum da safe Sueno sai ta duba ko daɓen sabo ne, tana ƙunƙuni wai ita ba ruwanta.

Ran nan, bayan an kwana uku ana ruwa, suka tarar da zomanyar a kan titi ƙasa da gonar, mota ta bi ta kanta. Sueno ta kama hawan gangaren, Tokuji na binta yana haki.

Ruwa ya cinye daɓen. Ramin a buɗe yake, ruwan laka yana tsiyaya ciki. A kan saiwa kuma, dab da bakin ramin, ga saɓar kububuwa, ɗanya shar, ta fi tsawon sandarta.

Ta kira masu kula da namun daji a waya, suka ce ƙasa ta zaftare ta rufe hanya, sai gobe. Gobe! Ramin ba zai kai la'asar bai cika ba. A sa fartanya, ya rufta a kan ɗan. A zura sanda, a tsokane shi.

"Matsa," in ji Tokuji, yana naɗe hannun riga da haƙori.

"In matsa ina? Da wane hannun za ka ci abinci in ta sare shi?"

"Ke da ko takalminki tsoro kike ji?"

"Yaya, rufe mini baki don girmanka."

Ta durƙusa a cikin lakar. Tsoro take ji. Ta kalli ramin, ba ta ganin komai sai baƙi. Ta zura yatsu, ƙasar da sanyi. Duk saiwar da ta shafa sai ta ji kamar ta motsa. Hannu ya shige har gwiwa, daidai inda na wanta ya ƙare, sai ya ƙi gaba. Ta ji kanta tana kiran uwarsu da ta mutu shekara talatin da suka wuce.

Tokuji, sarkin surutu, ya yi tsit. Shirun nan ya fi komai ba ta tsoro, amma ba ta iya waiwaya ba. Ta kwantar da kumatu a laka, ta tura har kafaɗa.

Ta taɓa wani abu. Ya motsa. Ta tsaya cak, tana jiran zafin haƙori.

Abin da ɗumi. Da gashi kuma.

A hankali ta jawo shi: ɗan mitsitsi, baƙi ƙirin, kunnuwa gajeru, jiƙe sharkaf, zuciyarsa na bugawa a tafinta. Ta cusa shi cikin rigarta, ta juyo za ta yi wa wanta gori.

Taku ɗaya daga inda ƙafarta take, Tokuji ya danne kan kububuwa da sanda. Ya tokare sandar da ƙirjinsa da dungun hannun nan, jikin macijin ya nannaɗe ta yana murɗawa, gumi yana ɗiga daga haɓar tsohon.

"Ja baya," ya ce. "Sannu a hankali."

Ta ja da gwiwa. Sai da ta yi nisa ya sake dannawa da duk nauyinsa, har abin ya daina motsi. Ya zauna daɓas a cikin ciyawa.

"Tun yaushe?" in ji Sueno.

"Tun da hannunki ya shige har gwiwa. Daga cikin ciyawa ta fito."

"Shi ne ba ka yi magana ba?"

"In yi magana ki zabura ki taka ta?" Ya share fuska da dungun hannunsa, ya kalli macijin, ya kalli hannun ƙanwarsa da laka ta rufe har kafaɗa. "Ta ci hannu ɗaya a gidanmu, Sueno. Ya ishe ta."