Ƙanƙarar da Na Kai Arewacin Mayahi

Tasawa zuwa Mayahi

Ana kiran assalatu na fito gida da kula cike da ƙanƙara, na naɗe ta cikin buhu biyu. Ila ne ya gayyace ni. Ɗalibina ne a dā, yanzu shi ne mushe, wato malamin wata ƙaramar lakwal, makarantar wani ƙauye bayan Isawan. Ya ce ya gaji da rubuta wa yara cewa ruwa kama uku gare shi, daskararre da mai gudana da tururi, alhali yawancinsu ba su taɓa riƙe ƙanƙara ba.

A tasha yaron mota ya so ya ɗaure kular bisa rufi. Na ƙi, na ɗora ta a cinya. A shingen jandarmomi ɗaya ya buɗe ya leƙa.

"Hajiya, biki za ki?"

"Darasi zan kai."

Ya rufe, bai yi dariya ba. Da hantsi muka shiga Mayahi, na karya da ƙosai da kunu.

Mayahi zuwa Isawan

Wata tsohuwar motar kasuwa na samu, mu da buhunan dusa da awaki. Ba mu yi nisa ba ta kafe cikin yashi. Da aka turo ta, sai injin ya ɗauki zafi. Muka zauna gindin wata aduwa har azahar ta wuce, ina jin ruwa yana motsi cikin kula duk lokacin da na gyara zama. Direba ya zo ya tsaya kaina.

"Hajiya, ko kofi biyu ki taimaka mana, mu zuba wa radiyata."

Na ba shi. Da na ƙi, da can za mu kwana.

Ƙauyen

Ila ya tarye ni a Isawan da amalanken jaki. Ya rame sosai. A hanya ya gaya mini rijiyar gari ta ja baya, masu dabbobi suna ta tashi, rabin ajinsa ya tafi tare da su. Matarsa ta ba ni tuwon gero miyar kuka, na kwana ɗakinta.

Da safe muka shiga ajin zana. Na buɗe kula, babu ko ɓarɓashi, sai ruwa mai ɗan sanyi. Yara suka yi layi suna tsoma yatsa.

"Wannan shi ne narkewa," in ji Ila, murya ƙasa-ƙasa.

Muka ɗora buta a wuta, tururi ya fito, na tara murfin kwano ya yi ɗigo. Na ce musu haka rana take ɗebe ruwa ta kai sama, ya taru ya zama girgije, ya dawo. Suka maimaita kalmomin da ƙarfi. Sai wata ɗiyar Fulani mai suna Dije ta ɗaga hannu.

"Madam, ruwan tafkinmu ma sama ya tafi?"

"Sama ya tafi."

"To yaushe zai dawo? Baffa ya ce in bai dawo ba, jibi mu ma za mu tashi."

Na yi mata bayanin iska, yadda take kora girgije wata ƙasa. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ashe wasu aka kai wa." Ila ya raba musu sauran ruwan, kowa kurɓi ɗaya.

Komawa

Motar dawowa ba ta ba mu wahala ba, bayan la'asar ina ƙofar gidana. Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa Ila da maiɗakinsa. Ranar kasuwar Isawan ya hau tudu inda waya ke kamawa, ya kira ni. Su Dije sun tashi. Ya ce yana nan dai yana buɗe aji kullum, don waɗanda suka rage.