Ranar da Na Tambayi Iya Ma'anar Aika-aika

Lokacin da nake yaro, Tudun Wada ba ta cika ba. Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba, baƙi kuma sai sauka suke yi. Bayan sallar isha'i mukan zagaye murhun Iya, kakarmu ta wajen uba, tana gasa mana gyaɗa a toka tana ba mu tatsuniya.

Wata rana na ji babanmu a zaure ya ce wani mutum ya yi aika-aika. Kalmar ta tsaya mini a rai. Da dare na tambayi Iya ko tulun da yayata ta fasa aika-aika ne.

Ta yi dariya ta ce, "A'a, maigidana, wannan ɓarna ce. Matso ka ji."

Ta ce an yi wani falke da ya riga wani ayari isa wata rijiya a tsakiyar daji, da rani. Ya sha, ya shayar da jakunansa. Don kada na baya su riga shi shiga kasuwa, sai ya jawo mushen akuya ya jefa a ciki, ya wuce. Ayarin ya iso da ƙishi, da mata da goyo, suka tarar ruwa ya lalace.

Na ce, "Iya, sun mutu?"

"Wa ya sani? Shi ma bai sani ba."

Da ya tsufa, nadama ta kama shi. Ya bi gari gari yana neman waɗanda ya cuta don ya roƙe su gafara. Ba wanda ya san sunansu, ba wanda ya san inda suka nufa. Haka ya yi ta yawo har ƙafa ta gaza.

"To Allah ba zai yafe masa ba?"

Iya ta tona gyaɗar, ta ce, "Ban isa in shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa ba. Amma haƙƙin mutane, mutane ake roƙo. Shi wa zai roƙa?"

Yanzu ni ma na yi furfura, ina jin ana jefa kalmar nan a kan kowane ƙaramin laifi. Ni bakina yana mini nauyi. Kafin in faɗe ta a kan wani, sai na duba ko wanda aka cuta yana nan, yana da ƙofar da za a yi masa sallama. In yana nan, nakan ce wa mai laifin ya tashi ya je tun yau.