Baba Ayuba da Allurar da Ta Lalace

Ina ɗaure akwatin ƙanƙara na maganin dabbobi a bayan moto, wato babur, zan fita Kelle, sai wayar Fasto ta shigo: Baba Ayuba ya huta. Na kwance akwatin na zauna a bakin ƙofa. Na yi kuka, amma ba mai ɗaci ba, domin tsohon ya ci shekarunsa, ya kuma tafi da shirinsa.

Shi ya koya mini allurar dabbobi a nan Gure, shi ne kuma dattijon ƴar majami'armu, wadda ba ma cika benci shida. Ba ya tayar da moto sai ya cire hula ya roƙi abu uku: zuciya, bangaskiya da hankali. Ni Bulus, mai ɗan banzan gaggawa, nakan ce masa rana tana yi. Sai ya ce ƙarfin zuciya ba hankali raƙumi ne ba akala.

Wata shekara ciwon huhun shanu ya shigo wajen Bune, aka tura ni rugar Ardo Hamma. Ƙanƙarata ta narke a hanya, maganin ya yi zafi. Na sani sarai ya lalace, amma an tara shanu tun safe, kunya ta hana ni magana, na yi musu allurar da ba ta fi ruwa ba. Ardo ya saki jiki cewa garkensa ya tsira, alhali ko kusa.

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba, sannan na gaya wa Baba Ayuba. Bai yi faɗa ba. Ya kama hannuna muka durƙusa, ya ce, "Ya Ubangiji Yesu, ka ba Bulus zuciyar faɗin gaskiya, ka ba ni hankalin nuna masa yadda ake faɗin ta."

Washegari muka koma da sabon magani. Ina sauka na so in amayar da komai a gaban jama'a in huta, sai Baba Ayuba ya taka mini ƙafa. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, muka sha nono, sannan ya ja Ardo gindin aduwa, inda ƴaƴansa ba za su ji an yi wasa da dukiyar ubansu ba. Can ya bar ni da bakina. Na faɗa wa Ardo komai.

Ardo ya saurara har ƙarshe. Ya ce da mun yi shiru, da shanun sun mutu ya ce ƙaddara ce. Ya sa aka sake tara garken. Saniya biyu suka mutu, sauran suka tsira, kuma har yau ba ya yarda kowa ya taɓa masa shanu sai ni.

Ranar jana'izar Baba Ayuba na hango Ardo a ƙofar majami'a da sandarsa, ya tsufa tukuf. Bai shiga ba, bai kuma tafi ba sai da aka binne. Ya riƙe hannuna ya ce, "Mun yi rashin mai gaskiya. Kai ka riƙe gaskiyar."

Ya Ubangiji, mun gode maka domin ran bawanka Ayuba. Ka yi masa jinƙai, ka hutar da shi a wurinka. Ka ta'azantar da matarsa Mama Rahila da ƴaƴansu da jikoki. Mu da muka saura, ka ba mu abu ukun nan da ya roƙa mana kullum. Amin.